Gwanjon Littattafan Sadaukai: Wa Ke Cin Ribar Sanin Lokaci?

Ran 24 ga watan Agusta na shekarar 2014, wadda ta kama Lahadi, aka rufe wani gwanjo na kwana goma a kasuwar nan ta intanet da ake kira eBay, inda aka sallama wani ɗan siririn littafi na labarai cikin zane a kan dalar Amurka 3,207,852. Sunan littafin Action Comics, fitowa ta 1. An buga shi a shekarar 1938, aka sayar wa yaran Amurka a kan senti 10 kacal, kuma a cikinsa ne aka fara ganin sadaukin nan Superman. Da senti 99 mai littafin ya buɗe tayi, ya bar masu kuɗi suka yi ta kokawa da juna har lokaci ya cika.

Irin wannan labari ya sa dubban mutane a Amurka da Turai suka ɗauka cewa akwai wani asiri a cikin sha'anin, watau sanin ranar da ta dace a kai kaya kasuwa. Sukan sayi tsofaffin littattafan sadaukai, da 'yan mutum-mutumin roba, da hotunan talla, da tufafi da makaman da aka yi wasa da su a fim, su ajiye suna jiran ranar da kamfanin Marvel ko na DC zai fito da sabon fim, domin su kai gwanjo su kwashi riba. Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, sanin lokaci gaskiya ne, yana da amfani, amma amfaninsa ya fi yawa ga mai kayan da ba su da wata daraja ta kansu, kuma ribar da irin wannan mutum yake ci daga aljihun wanda ya makara take fitowa. Wanda yake riƙe da abu mai wuyar samu na ainihi bai cika bukatar duban agogo ba.

Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwanmu da cinikin takardun yaran Amurka? Ruwanmu shi ne, ɗalibanmu da ma'aikatanmu suna kallon finafinan nan kamar kowa, kuma yau ta wayar hannu ake gayyatarsu zuwa kasuwanni iri-iri waɗanda farashinsu ya rataya a kan ɗoki. Wannan kasuwa kuwa tana da wani alheri ga mai son koyo: a fili ake cinikinta, farashi a rubuce yake da kwanan wata, saboda haka ana iya bin sawu a ga wanda ya ci da wanda aka ci.

Agogon mintoci

A cikin wannan ciniki agogo uku ne suke tafiya tare, kowanne da saurinsa. Na farko shi ne na mintoci, wanda ya shafi sa'ar da za a rufe gwanjo. Kasuwar eBay, wadda Pierre Omidyar ya kafa a shekarar 1995, ta bambanta da gwanjon da muka saba gani, inda mai ƙararrawa yake ta shela har sai tayi ya ƙare sa'an nan ya sallama. A can mai kaya ne yake zaɓar tsawon gwanjo, kwana 1 ko 3 ko 5 ko 7 ko 10, kuma da cikar daƙiƙar ƙarshe ƙofa ta rufe, ko da akwai mai niyyar ƙari. Mai tayi yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya a asirce, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda abokan takara suka matsa, wanda ya yi nasara kuma ya biya abin da ya ɗan ɗara tayin mai bi masa.

Wannan tsari ya haifar da 'yan kwanton ɓauna, watau masu yin shiru har sai saura daƙiƙa biyar ko goma sa'an nan su jefa tayinsu, yadda ba wanda zai sami zarafin mayar da martani. Dabarar kuwa tsohuwa ce. A Ingila, cikin ƙarni na 17, akan yi gwanjon jiragen ruwa da kyandir: a kunna ɗan guntu, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wuta ta mutu shi ne da kaya. Samuel Pepys, wani babban ma'aikacin ofishin mayaƙan ruwa, ya rubuta a shekarar 1662 labarin wani mai wayo wanda ya lura cewa hayaƙi yakan sunkuyo ƙasa daidai lokacin da wutar za ta mutu, shi kuwa a nan yake ɗaga murya. A shekarar 2002 wasu masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, suka kwatanta gwanjon eBay da wanda kamfanin Amazon yake yi a wancan zamani, wanda ba ya rufewa sai an yi minti goma babu sabon tayi. Suka tarar tayin ƙurewar lokaci ya fi yawa ƙwarai a eBay, kuma ya fi tsanani a kan kayan tarihi fiye da kwamfutoci, domin gwani ba ya son tayinsa ya tona wa wanda bai sani ba cewa kayan na ƙwarai ne.

Darasin mai sayarwa a nan shi ne, tun da yake a mintocin ƙarshe ake yanke farashi, dole ya sa mintocin su faɗo lokacin da masu saye suke a farke. Shi ya sa 'yan kasuwar suka saba rufe gwanjo ran Lahadi da dare agogon Amurka, lokacin da mutane suke gida. Ƙarfe 9 na dare a New York ƙarfe 6 na yamma ne a Kalifoniya, ƙarfe 2 na tsakar dare a Landan, saboda haka sai mutum ya san inda masu bukatar kayansa suka fi yawa. Sukan kuma kauce wa Lahadin nan ta watan Fabrairu da ake wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, domin ranar hankalin jama'a yana kan talabijin. Wannan duka daidai ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Amma fa kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Manyan masu saye suna da na'urorin da suke jefa musu tayi ko suna barci, manyan gidajen gwanjo kuma, irin su Heritage na birnin Dallas, sukan buɗe tayi ta intanet har makonni, sa'an nan a yi zama na ƙarshe a bi kaya ɗaya bayan ɗaya har tayi ya ƙare. Iyakar abin da agogon mintoci yake yi shi ne ya hana asarar sakaci.

Agogon fim

Agogo na biyu shi ne na fim, kuma a nan ne ake yawan samu da rashi. Al'adar kasuwar ita ce, littafin da wani jarumi ya fara bayyana a cikinsa shi ne abin nema. Da an ji ƙishin-ƙishin cewa za a yi fim a kansa, sai farashi ya motsa. Da an tabbatar, sau da yawa a babban taron masoya littattafan zane da ake yi a San Diego cikin watan Yuli, sai ya ƙara tashi. Da an saki guntun talla na somin-taɓi, sai ya kai ƙololuwa. Ranar da aka fara haska fim kuwa, galibi cin kasuwa ya riga ya wuce. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar raguna ana saura mako guda Babbar Salla, ya kuma koma bayan an sauko idi, ya san wannan karatu. Ragon yana nan yadda yake, masu bukatarsa ne suka watse.

Dalilai biyu ne suke kawo haka. Na ɗaya, da yawa daga cikin masu saye a lokacin ɗoki ba masu sha'awar ajiye littafin ba ne, kowannensu yana saye ne da niyyar ya sayar ranar fim. Idan ranar ta zo, sai su fito gaba ɗaya a mako guda, masu sayarwa su fi masu saye yawa, kaya su yi kwantai. Na biyu, tashin farashi da kansa yana tono kayan da suke ɓoye. Alal misali, jarumin nan Deadpool ya fara fitowa ne a New Mutants, fitowa ta 98, a shekarar 1991, zamanin da ake buga littattafai da yawan gaske, masu saye kuma suna sa su a leda su adana. Da wani guntun gwajin fim ɗinsa ya ɓulla a intanet a shekarar 2014, aka kuma tsai da watan Fabrairu na 2016 don haska shi, sai farashin littafin ya ninka sau da dama, kuma kowane ƙari yana fito da waɗansu kwafe daga akwatunan da suka shekara ashirin da wani abu a rufe.

A nan akwai wani jinkiri da sabon shiga ba ya sawa cikin lissafi. Tun daga shekarar 2000 akwai wani kamfani a Amurka mai suna CGC, wanda yake duba lafiyar littafi, ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, ya rufe shi cikin akwatin roba mai hatimi. Mai saye daga nesa ba ya iya taɓa takarda, saboda haka da makin nan yake dogara, kuma bambancin ɗan maki kaɗan yana iya ninka farashi. To, amma aikin yakan ɗauki makonni, idan an yi cunkoso ma watanni. Wanda ya jira sai ya ga fim ya karɓu kafin ya aika da littafinsa, kafin a dawo masa da shi kasuwa ta tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bugu da ƙari, kamfanin yana bayyana yawan kwafen da ya duba na kowane littafi, saboda haka mai saye mai hankali yana iya gani da idonsa ko abin da ake cewa mai wuyar samu ne dubbai ne a hannun jama'a.

Shi kansa fim ɗin ba abin dogara ba ne. Littafin Eternals na farko, wanda Jack Kirby ya zana a shekarar 1976, ya yi tsada tun daga lokacin da aka ba da sanarwar fim ɗinsa, amma da aka haska shi a watan Nuwamba na 2021 bai gamsar da masu sharhi ba, farashi ya gangara. A taron San Diego na 2019 aka yi shelar sabon fim a kan jarumi Blade, wanda ya fara bayyana a shekarar 1973, aka yi ta ɗage ranarsa, har a watan Oktoba na 2024 aka cire shi daga jadawali. Fim ɗin Batgirl kuwa an ma gama ɗaukarsa, amma a watan Agusta na 2022 kamfanin Warner ya ce ba zai fito da shi ba. Wanda ya sayi littafi da tsada domin waɗannan finafinai ya ɗora ajiyarsa a kan shawarar da waɗansu mutane za su yanke a ofishin da ba shi da kujera a ciki.

Sa'an nan ga la'ada. Kasuwar eBay takan cire kimanin kashi 13 cikin 100 na kuɗin ciniki, manyan gidajen gwanjo kuma sukan ɗora wa mai saye wajen kashi 20 cikin 100, wanda shi kuma yakan rage daga tayinsa. Mu ɗauka mutum ya sayi littafi dala 100 ya sayar dala 120. Bayan la'ada abin da zai rage masa bai kai dala 105 ba, kuma bai biya kuɗin maki da na aikawa ba tukuna. Ashe ko farashi ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, uwar kuɗi ma da ƙyar za ta dawo.

Wannan ba shi ne karo na farko da ɗoki ya cinye dukiyar mutane a wannan fage ba. A shekarar 1991 kamfanin Marvel ya fito da sabon X-Men, fitowa ta 1, aka yi odar kwafe fiye da miliyan 8. A ƙarshen 1992 kamfanin DC ya buga labarin mutuwar Superman, mutane suka yi layi a ƙofar kantuna, aka sayar da miliyoyi. Magidanta suka riƙa sayen biyar-biyar, goma-goma, suna cewa da su za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Ba a daɗe ba aka dawo da Superman da ransa, kasuwa ta rushe, dubban kantuna suka rufe, har a watan Disamba na 1996 Marvel ya je kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Yau kwafin X-Men ɗin nan da 'yan daloli kaɗan ake samunsa. Abin da kowa ya adana ba ya tsada, domin kowa yana da shi.

Kayan da ba sa jiran fim

Yanzu mu koma ga Action Comics na 1938. An buga kimanin kwafe 200,000, amma waɗanda ake kyautata zaton sun rage ba su wuce wajen 100 ba. Takardar mai araha ce, yara ne suka karanta suka yar, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta tattara tsofaffin takardu domin aikin yaƙi, bayan yaƙi kuma aka tayar da ƙura cewa littattafan zane suna lalata tarbiyya, har aka ƙona su a waɗansu garuruwa, Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kansu a shekarar 1954. Ba wanda ya ajiye littafin domin riba, shi ya sa ya yi wuyar samu.

Mai karatu ya dubi ranakun da aka sayar da shi. A watan Fabrairu na 2010 aka sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 1, karo na farko da littafin zane ya kai wannan kuɗi, alhali rabon a ga fim ɗin Superman tun 2006, Amurka kuma ba ta gama farfaɗowa daga karayar tattalin arzikin 2008 ba. A shekarar 2011 aka sayar da kwafin da aka sace wa ɗan wasan fim Nicolas Cage a 2000, wanda aka gano bayan shekara 11, a kan dala miliyan 2.16. Gwanjon 2014 da muka fara da shi ya faɗo ne fiye da shekara guda bayan fim ɗin 2013, kuma fiye da shekara guda da rabi kafin na 2016. A watan Afrilu na 2024 gidan Heritage ya sayar da wani kwafi dala miliyan 6, saura wata 15 kafin sabon fim ɗin Superman na Yulin 2025. Cikin waɗannan cinikayya huɗu babu wadda ta jira kiɗan fim. Masu neman irin wannan littafi 'yan ƙalilan ne, sun san juna, sun san adadin kwafen, kuma duk ranar da ɗaya ya fito ita ce ranar kasuwa. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja. Za su ce, a watan Agusta na 2021 aka saki tallar sabon fim ɗin Spider-Man, ba a cika mako uku ba aka sayar da Amazing Fantasy, fitowa ta 15, littafin 1962 da jarumin ya fara bayyana a ciki, a kan dala miliyan 3.6, alhali a 2011 dala miliyan 1.1 aka sayar da mai irin makinsa. An haska fim ɗin a Disamba, a Janairun 2022 kuma aka sayar da shafi guda na zanen hannu na Mike Zeck, na shekarar 1984, mai nuna Spider-Man cikin baƙaƙen tufafi, dala miliyan 3.36. Za su ƙara da cewa a Nuwamban 2025, wata huɗu bayan sabon fim, aka sayar da Superman fitowa ta 1 na 1939, wanda waɗansu 'yan'uwa uku suka tsinta cikin kayan marigayiya mahaifiyarsu a Kalifoniya, a kan dala miliyan 9.12. Ban musa cewa fim yana ƙara armashi ba, kuma gidajen gwanjo ba sa ƙin iska idan ta kaɗo ta bayansu. Amma littafin 1939 makinsa 9.0, ya fi duk wani kwafinsa da aka taɓa dubawa, kuma irin wannan ko yaushe ya fito zai tara masu kuɗi. Cinikin 2021 da na 2022 kuwa suna da wani dalili da ya fi fim ƙarfi, wanda ya kai mu ga agogo na uku.

Agogon kuɗi da na tsara

Lokacin annobar korona mutane suna kulle a gida, kuɗin ruwa a Amurka ya kusa komawa sifiri, gwamnati kuma ta raba wa jama'a tallafi har sau uku, dala 1,200 da 600 da 1,400. Kuɗi ya yi yawa, wurin kashe shi ya yi kaɗan, sai ya kwarara cikin littattafan zane, da katunan 'yan wasa, da agogunan hannu, duk suka tashi tare, masu fim da marasa fim. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, har ya haura kashi 5 cikin 100 a shekarar 2023, sai farashin yawancin kayan nan ya sauko, musamman na tsaka-tsaki waɗanda talakawa suka saya. Wanda ya sayar a 2021 ana yaba masa da iya lokaci, alhali ambaliya ce ta ɗauke shi kamar yadda ta ɗauki kowa. Wannan agogo ba ya hannun mai kaya, iyakarsa ya lura da shi kada ya ci bashi ya saya lokacin da kowa yake saye.

Bayan kuɗi akwai tsara. Mutum yakan nemi abin da ya so yana yaro a lokacin da ya kai ƙarfin aljihu. Motar Batman ta wasan talabijin na 1966, wadda George Barris ya ƙera daga wata motar gwaji da ya saya wurin kamfanin Ford a kan dala 1, an yi gwanjonta a jihar Arizona cikin Janairun 2013 a kan dala miliyan 4.2 ban da la'ada, shekara 47 bayan fara wasan, daidai lokacin da yaran da suka kalle shi suka zama dattawa masu dukiya. Amma tsara tana wucewa. Dattawanmu da suka yi zamanin silima suna tuna finafinan kaboyi. Roy Rogers yana cikin manyan taurarinsu a Amurka, yana da littattafan zane da kayan wasa da sunansa, har da gidan tarihi. Da masoyansa suka tsufa, baƙi suka ragu, aka rufe gidan a shekarar 2009, aka yi gwanjon kayansa a 2010. Superman da Batman sun tsira daga wannan ne domin kowace tsara ana sake gabatar mata da su. A nan ne fim yake da amfani na gaske ga mai kaya na ainihi: yana haifar masa da masu sayen da za su zo bayan shekara talatin, abin da ya fi ɗokin mako guda nisa.

Akwai kuma mutum biyu da bai kamata a manta da su ba in ana zancen lokacin sayarwa. Jerry Siegel da Joe Shuster, samarin da suka ƙago Superman, sun sayar da haƙƙinsa a shekarar 1938 a kan dala 130. Takardar cak ɗin da aka biya su da ita, ita kaɗai an yi gwanjonta dala 160,000 a shekarar 2012. Sun sayar da wuri, domin suna bukata, kuma abin da suka sayar irin wanda ba a sayarwa ne. Sai a shekarar 1975, da aka ji ana shirin babban fim, Siegel ya kai kukansa ga 'yan jarida, kamfanin Warner ya ji tsoron abin kunya gab da fim, ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mayar da sunayensu kan aikinsu. Wannan ma sanin lokaci ne, kuma ya fi na 'yan kwanton ɓauna daraja.

Abin da ya kamata a riƙe

To, daga duk wannan me ya rage wa mai kaya? Da farko ya tambayi kansa, abin nan da ke hannuna guda nawa ne a duniya? Idan dubbai ne, darajar da yake gani ta aro ce daga fim, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Sai ya shirya tun da wuri, ya nemi maki tun ba a fara cunkoso ba, ya sayar tsakanin sanarwa da fitar talla, ya rufe gwanjonsa lokacin da masu saye suke a farke, ya karɓi ribar da ta samu ba tare da jiran ƙololuwa ba, domin a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Idan kuwa 'yan ƙalilan ne suka rage, sai ya kula da lafiyar takarda, ya tsare ta daga danshi da rana da gara, ya zaɓi gidan gwanjon da masu kuɗi suka amince da shi, ya yi haƙuri. Mai saye kuma ya juya lissafin: in yana son littafin don kansa, ya bari fim ya wuce da 'yan watanni, zai same shi da sauƙi a hannun waɗanda suka makara.

Mu ma nan gida muna da irin namu. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 matasa sun yi ta rububin mujallar African Film mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, a shekarar 1975 kuma aka fara fito da Powerman domin masu karatu na Nijeriya, wanda Dave Gibbons da Brian Bolland suka zana kafin su yi suna a duniya. An karanta su, an naɗe ƙosai da su, kamar yadda yaran Amurka suka yi da nasu a 1938. Ba na cewa wanda ya tarar da su a akwatin mahaifinsa ya tarar da miliyoyi. Abin da nake cewa shi ne kada ya bar su ga gara, kuma ɗakunan karatu na jami'o'inmu da ma'aikatar adana tarihi su neme su tun ana samu, domin tarihin abin da matasanmu suka karanta ne.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da wani zai zo masa da labarin kasuwar da farashi yake ta hawa, ko ta littattafai ce ko ta wani abu dabam, ya ce masa ka shiga yanzu ka fita kafin ta faɗi, tambayoyi biyu sun isa. Abin nan guda nawa ne? Kuma ranar da zan sayar, wa zai saya, don me? Idan amsar ita ce wani mai jiran ya sayar wa wani, to, ya sani cewa a irin wannan layi dole akwai na ƙarshe, kuma ba a sanar da mutum cewa shi ne sai ciniki ya watse.